Taron da Ba a Kira Mai Shara Ba

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da yara da aikin asibiti.

Yaya, na yi ɓarna. Kin san tsohon silin makarantarmu na asbestos ne. Da masu duba gini suka gargaɗe mu, ni shugaba na tara malamai na yi musu bayani: kada a buga ƙusa, kada a huda, in ya fashe a kulle aji, don ƙurarsa tana maƙalewa a huhu ta yi illa bayan shekaru. Har tafi aka yi mini.

Ranar Litinin silin ajin ƙarshe ya rufto. Na kulle ajin, na aika wa masu kwashewa, hankalina kwance. Na manta Inna mai shara tana da nata makullin, kuma kullum tana riga kowa zuwa. Washegari na tarar da ajin tas. Da busasshiyar tsintsiya ta share, ta kwashe manyan gutsattsarin zuwa gida, wai za ta rufe akurkin kaji. A nan jikokinta suke wasa.

Ban kira ta taron ba. Da na ce ma'aikata, masu riƙe alli kawai na gani. Ina tunanin in aika a karɓo gutsattsarin da sunan kayan makaranta ne, ba sai na tayar mata da hankali ba. Me kika gani?

Taki,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya, yara suna gaishe ki.

Tun kina ƙarama in kin fasa kofi sai ki tura shi ƙarƙashin gado. Ashe har yanzu? Hankalin wa kike gudun tayarwa, nata ko naki? Huhunta ne, dole ta sani. Shara ɗaya ba lallai ta zama ciwo ba, amma ba zan rantse miki ba, kuma wa ya san sau nawa ta share garin da yake zubowa kafin wannan?

Ki je da ƙafarki. Kada kowa ya taɓa akurkin sai masu kwashewa, a hana yara zuwa wurin. Sannan ki kawo mini ita likita ya duba ta.

Allah ya kiyaye gaba.
Yayarki

*

Yaya,

Na gaishe ki. Na je, na gaya mata komai. An kwashe, za mu zo ranar Alhamis.

Na so ta yi faɗa, da na ji sauƙi. Sai ta kalli jikokinta, ta ce, "Ashe taron nan ne, Malama? Ai ni na jera muku kujerun."

Ki sa mu a addu'a.
Auta