Haruffan Sun Girma, Baba

Baba,

Na tafi aiki, ban so in tashe ka ba. Kar ka mayar da kwamfutar nan kwalinta. Jiya ka ce idonka ya gama aiki, labarin zamanka a jirgin ruwa da kake rubutawa ya tsaya ke nan. To, ba idonka ba ne, allon ne.

Da sassafe na zauna da littafin bayanin da kwamfutar ta zo da shi. Yanzu haruffa arba'in ne a layi maimakon tamanin, manya-manya. Na murɗa ɗan maɓallin baya har rubutun ya daina rawa. Na cire tabarau, na koma ƙofar kicin, na karanta tsaf! Ka gaya wa Yaya Curtis, mai ce min, "Ke dai kar ki ƙone mana gida."

Maɓallin da na liƙe da salatef, kar ka taɓa shi.

Yi haƙuri, na leƙa inda ka tsaya a labarin. Mama tana tsaye cikin sanyi a tashar jiragen ruwa ta Duluth da jar riga, ko gaishe ta ba ka yi ba tukuna. Zauna ka ƙarasa, kar ka bar ta cikin sanyin nan.

Marlene