Inna, Lallenki Bai Sake Toho Ba

Assalamu alaiki, Inna.

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san ba a aika wa kabari takarda, amma maganar nan ta tsaya mini a rai, kuma ban da ke babu wanda zai ɗauke ta da muhimmanci. A kan shingen lallenki ne.

Kin sha ba mu labarin zuwansa. Lokacin da aka tare kogi, aka tashe ku daga tsohon ƙauye kafin tafki ya haɗiye shi, mata suna ta haɗa tukwane da tabarmi, ke kuwa rassan lalle kika sara, kika naɗe a jiƙaƙƙen zane kika shiga jirgin ruwa da su. Har Baba ya rasu bai daina yi miki tsiya ba, wai an ce a kwashe kaya kin kwaso itace. Su kika kafa kewaye da garkarki a sabon mazauni, can gefen Warra.

Ba ki taɓa barin shingen ya wuce ƙugu ba. Da ya ɗaga kai sai ki bi shi da lauje kina cewa, "Kak ki bari shi yi tsawo, ɗiyata, gindinai ka buɗewa awaki su shiga." Toka kike zuba masa saboda gara. Rani da damina kore shar yake, idan kuma ya yi fure, ƙamshinsa har bakin ruwa inda masunta ke ɗaure jirage.

Dokarki a kansa guda ce: "Ba a hana ma amarya lalle." 'Yar gari ce ko 'yar kan tudu, mai zuwa masallaci ko mai zuwa coci, duk wadda aka zo nema wa sai kin cika ƙwarya.

Inna, tun bayan rasuwarki ruwa ya sake hali. Duk ƙarshen damina sai ya hau ya kwanta a garka, ya ƙi komawa. Lalle yana jure ƙishi, amma ba ya jure tsayuwa cikin ruwa. Gefen da ke kallon tafki ne ya fara ruɓewa, sauran suka bi. Yaya Sani ya ce in daina wahalar da kaina, a kafa kara a huta. Ban ji ba. Na ɗebi rassa na kai gidana a Yelwa, na dasa a tsofaffin bokitai, na yi duk yadda kike yi. Sai su ɗan yi toho kamar abin arziki, su bushe. Ban san me ke hannunki da babu a nawa ba.

Bana gindi ɗaya ya rage, a kusurwar da ke kan ɗan tudu, ganyensa ko kwano ba zai cika ba. Niyyata in bar shi ya murmure, ruwan farko na sauka in yanki rassa in sake gwadawa.

Sai ga aminiyarki, Gwaggo Ladi, tana dogara sanda, za ta aurar da jikarta. Ta tsaya ta dubi abin da ya rage, ta juya za ta tafi. Juyawar nan ce ta karya ni. Na kira ta, na durƙusa na tsige mata ganyen da hannuna har na ƙarshe. Tsakiyar rani ne, kuma na san abin da nake yi.

Na je bikin. Hannun amarya ya sha zanen baƙin lalle na kwalba, irin wanda 'yan mata ke yayi yanzu, kuma ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Namu kuwa ko kallonsa ƙawayenta ba su yi ba. Gwaggo Ladi kaɗai ta kwaɓa shi ta ƙunsa a ƙafafunta masu faso, tana zaune a gefe. Ban ji haushin yarinyar ba, zamaninta ne. Amma na yi kuka a motar da ta mai da ni Yelwa.

Yanzu damina ta zauna, har ciyawar banza ta yi kai, ban da gindin lallen nan. Jiya na je na kankare ɓawonsa da farce, daga sama har gindi, ina neman ko ɗan kore. Babu, Inna. Duk da haka na gyara masa ƙasa, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Abin da tafki ya kasa ƙwace miki a hannuna ya ƙare. Da na hana, da na saɓa miki. Na bayar, na rasa shi. Na yi ta juya abin a raina, ban ga hanyar da zan bi ba in riƙe ku duka biyu, kuma babu sauran wanda zan tambaya. Ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sanyaya shi, Ya sa ki a inuwar da ba ta bushewa. Ni kuma Ya ba ni dangana, don har yanzu ban same ta ba.

Ɗiyarki,
Hajaru