Kada Ki Ɗaga Kai, Inna

Inna, ina kwana.

Wai an yi wata yarinya, Shamsiya, baiwar Allah marar laifi. Jiya da uwarta za ta tafi suna, ta ce ta zaɓo wa ƙannenta Dodo da Garga darasin kimiyya na intanet, tunda a gida suke karatu. Kimiyya zalla, addini a bar wa Malam ranar Asabar.

Malamin farko ya fara da taurari ya ɓuge da wa'azi, sai ta rufe. Madam ta biyu ta ce a haɗa hodar bikarbonat da ruwan tsami na binegar cikin kwalba. Babu su a gidan. Dodo ya ce, "Yaya, kanwa fa?" Garga ya kinkimo tsamiyar da aka jiƙa ta kunu. Wani kuma ya ɗaure murfin tamau. Labarin bai faɗi sunansa ba.

Inna, kimiyya gaskiya ce. Har yanzu ba a ga murfin ba.

Yarinyar ta bi Baba zuwa birnin Lyon a jirgin safe, ba gudu ta yi ba. Roƙonta ɗaya: yau ake rufe rubuta suna, ki sa su a darasin Madam ɗin. Tun da aka haifi Garga bai taɓa cewa "a sake" a kan karatu ba sai jiya.

Kunu babu. Ki sha shayi kafin ki ɗaga kai a ɗakin girki. Dodo ya ce tabon da ke rufin ɗakin ya yi kama da taswirar Nijar, har da Damagaram.

Taki,
Shamsiya