Launin Kifin Auta

Litinin, 3 ga Maris

Bari tarihi ya shaida cewa yau na ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyana. Likita ya ce idon Yaya na dama ya tafi, na hagun ma yana ɗaure kaya. Abu ɗaya ya roƙa kafin duhu ya rufe shi: ya sake ganin kifin da marigayiya Autarmu ta zana a kwamfutar gidanmu muna yara. Kwamfutar ta daɗe da zama tarkace, kaset ɗin da aka adana zanen ne kawai ya rage. Na ce, "Yaya, wannan ai kamar shan ruwa ne." Kaicon baki!

Laraba, 5 ga Maris

Na kwashe abin da ke cikin kaset, na zuba shi a manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar. Kifi ya fito, amma ratsin baƙi da fari zalla. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, kifi ne ko rigar katifa?" Masu ilimi ba sa amsa irin wannan.

Asabar, 8 ga Maris

Asiri ya tonu. Ashe na'urar ba ta zana launi a jikin kifin ba. Siraran ratsi take aikawa, tsohuwar talabijin ɗin gidanmu da aka jona mata ta ruɗe ta mayar da su launi. Wato aikina shi ne in koya wa allon zamani, wanda bai san kuskure ba, yadda ake kuskure daidai. Ni da na ƙare rayuwata ina gyara na wasu.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya ya zuba shayi a gefen kofi. Na yi kamar ban gani ba.

Talata, 11 ga Maris

Nasara, ta rabin yini. Lissafi ya zauna, kifi ya fito da launin ruwan lemo a cikin ruwa shuɗi, yadda littafin na'urar ya tanada. Na kai wa Yaya ina tafiyar ƙasaita. Ya manna hancinsa a allo, ya daɗe, ya ce, "Ƙanena, wannan kifin wasu ne. Na Auta kore ne, ruwansa shunayya."

Na karanto masa hujjoji daga manyan littattafai. Ya ce littattafan ba su taɓa zama a falonmu ba. Wai na manta Baba ya murɗe makunnin launi na talabijin ɗin, saboda a ganinsa mai karanta labarai kamar mai ciwon shawara yake, ya kuma haramta wa kowa taɓawa?

Ban manta ba. Amma a ce ni, da hannuna, in lalata sahihin lissafi?

Alhamis, 13 ga Maris

Yau bai gane ni ba sai da na yi magana.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ƙara wa manhajar wani ɗan makunni. Don bincike ne kawai, kada wani ya fassara shi da wani abu. Yaya na zaune, ni ina murɗawa a hankali, yana cewa, "Ƙara... ƙara... tsaya nan!" Sai ya ɗora yatsa a kan wutsiyar. "Ka ga inda ta karkace? Nan ne ka bangaje mata hannu."

A ilmance launin nan kuskure ne tsantsa. Na adana shi a haka, na kuma haramta wa kowa taɓawa.