Manoman da Ke Cikin Kwamfutar Najat

Litinin, 3 ga Oktoba

Ilimi dai babu kamarsa. Ka ƙare ƙuruciyarka kana jigilar tukwanen gas, ka ɗauki nauyin karatun 'yarka har ta kama digirin digirgir, aikinta kuwa ta gano ranar da ubanta zai rasa sana'a. Alhamdu lillahi. Ba kowane uba ke samun wannan gata ba.

'Yata Najat ta iso gida Ulad Taima daga jami'arsu ta Agadir da hantsi. Ta ture tiren shayi ta buɗe kwamfuta ta nuna min. Ta gina kwarin Sus ɗinmu a ciki, da ƙananan manoma, kowa da rijiyarsa da injin ban ruwa mai shan gas, irin waɗanda nake kai wa kaya. Sai ta rage kuɗin farantin sola, ko ta janye tallafin gas, ta zuba ido ta ga wa zai fara komawa rana, wa zai kwaikwayi maƙwabcinsa, wa zai kafe. Wai da haka hukuma za ta san inda za ta sa hannu don hayaƙi ya ragu. Na ce, "Manoman nan naki suna ƙorafi?" Ta ce a'a. Na ce to ba 'yan Sus ba ne.

Matsalarta ɗaya: sai ta ji daga bakin manoma na gaske kafin na cikin kwamfuta su san yadda za su yi. Wa zai buɗe wa yarinya mai jaka ƙofar gonarsa? Mai haraji za su ɗauke ta. Na ce ta bar min wannan.

Alhamis, 6 ga Oktoba

Na biya gonakin da nake kai wa gas, na share mata hanya. Kamar dai in za a zo binciken aure: ba ka barin maƙwabta su faɗi abin da ya zo bakinsu. Na ce musu 'yata na tafe, kada wanda ya kunyata ni, ku nuna mata mu ma wayayyu ne.

Dadda Hmad, tsohon da ya fi kowa itatuwan lemo, ya ce, "To, Si Lahsan, wace amsa ce daidai?" Na ce, "Ka ce rana kyautar Allah ce, da zarar an cire lemo za ka sayi sola." Ya ce, "Kai mai gas kake koya min haka? Ko dai kayan naka sun fara taɓa maka kai?" Muka yi dariya. Ai magana ce, ba ciniki ba.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Gona gona muka bi. Shayi, burodi da amlu, wato man almon ɗin nan mai zuma da ake dangwalawa, har cikina ya gaji. Kowa ya ci jarrabawa. Najat sai murmushi.

Talata, 18 ga Oktoba

Ta dawo ba sanarwa, idanu jajir. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

Da ta zuba amsoshin, kwamfuta ta ce kafin baɗi babu mai shan gas a duk kwarin Sus. Malaminta ya karanta, ya ga mutum bayan mutum da jimla iri ɗaya, rana kyautar Allah ce. Ya tambaye ta ko a ɗaki ta zauna ta ƙirƙiro su. In kwamitin jami'a ya yarda da haka, korarta za a yi, kuma babu jami'ar da za ta sake kallonta.

"Baba, me ka faɗa musu?"

Na ce gyara kawai na yi, yadda ake sa manyan tumatir a saman kwando. Ta ce, "Na ƙasan nake nema, Baba! Wanda ya ce har ya mutu ba zai saya ba, shi ma amsa ya ba ni. Ina son in san me ya hana shi."

Uwarta Ijja na daga kicin: "Ai na gaya miki, ubanki ko gawa aka ba shi sai ya yi mata kwalliya ya nemi mai saye."

Ban ci abincin rana ba. Ba don maganarsu ba, tajin ɗin ne, dahuwar naman nan ta kasko, ya yi gishiri.

Juma'a, 21 ga Oktoba

Ba ta yi min magana. Tana ce wa uwarta, "Ki ce wa mijinki shayi ya yi."

Laraba, 26 ga Oktoba

Na sa farar jallabiyata na tafi Agadir da akwatin lemo. Malamin nata siriri ne mai furfura, ya kalli akwatin ya ce in bar shi a bakin ƙofa. Na zayyana masa komai, har da yadda na koya wa Dadda Hmad. Na ce yarinyar nan ko ƙaryar azumi ba ta iya ba tana ƙarama, ni ne mai baki a gidan.

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "Alhaji, mun saba da manomi ya ɓoye mana gaskiya don tsoron hukuma. Amma uba ya bi ya raba amsa gida gida, yau na fara ji." Na ce Allah ya sa albarka. Bai yi dariya ba.

Sunanta ya wanku. Amma duk aikin ƙauyukan nan ya tafi kwandon shara, kuma lokacin tallafin karatunta ya kusa ƙarewa. Sai ta sake daga farko, a inda ba a san ni ba. Na ce, "Malam, ina ne nan?" Ya ce in nema.

Na dawo da lemona. Mai gadi na ba wa biyu.

Juma'a, 4 ga Nuwamba

Ƙauyukan gindin dutse ta zaɓa, bayan garin Tarudant. Ta yarda in kai ta, da sharaɗi: in sauke ta nesa, kada in fito daga mota, kada in gaisa da kowa. Ni! Na fake a inuwar bishiyar argan, awakin nan masu hawa bishiya na kallona daga kan rassa.

Can sai ga wani bisa babur, tukwanen gas biyu ɗaure a baya. Ya tsaya ya leƙo. "A'a, Si Lahsan na Ulad Taima! Me ya kawo ka jejinmu?" Ashe nan ma an san ni. Na ce mota ce ta yi zafi.

Ya ce wata yarinya na yawo da tambayoyi, 'yar wa ce? Kaifin kai gare ta kamar almakashi. Bakina har ya buɗe. 'Yata ce, ni na haife ta, ni na koya mata lissafi a kan tukunyar gas. Na haɗiye. Na ce ban san ta ba.

Ya ce shi ya faɗa mata gaskiya: sola na ransa, tsoronsa ya lalace babu mai gyara kusa. "Ranar da aka samu mai gyara kuwa, Alhaji, kai da tukwanenka sai dai mu haɗu a biki. Sun karya min baya." Na ce Allah ya kai mu.

Da yamma ta shigo mota ƙura har gira. Ta dube ni, ta ce, "Ka yi magana da wani?" Na ce ni da awaki ne kawai. Ta miƙo min rabin burodinta.

Litinin, 14 ga Nuwamba

Amsoshin yanzu babu biyu da suka yi kama, wai haka ake so. Malamin ya ce ta ci gaba.

Na tambaye ta, haka kawai, ko akwai mai sayar da gas a cikin kwamfutar. Ta ce akwai. Na ce ya yake ƙarewa? Ta ce ya danganta da lokacin da ya farga.

Yau na kira wani dillali a Kazablanka na ji kuɗin farantan sola a sari, da ko suna koya wa mutum gyara. Ijja ta ji ni, tana ta dariya a kicin. Ban ga abin dariya ba. Tun yaushe tambaya ta zama saye?