An bar wa Ɗayyaba wushiryarta

Malam,

Na iske ka dawo daga su kana barci, ban tashe ka ba. Na wuce Zauro, yau ake yankan shinkafar Yaya Dikko.

Jiya mun ga likitan haƙori a Birnin Kebbi, ni da Ɗayyaba. Kwantar da hankalinka, ba a cire mata ko ɗaya ba. Ya nuna muna hanya biyu: ko waya da ake ɗaurawa bisa haƙora ta riƙa jawo su sannu a hankali, ko wata roba da ake sawa ana cirewa. Ya ce duk wadda anka zaɓa, za su jeru har wushiryar ta rufe.

Sai ɗiyarka, wadda ko gaisuwa sai an matsa bakinta ke buɗewa, ta ɗaga kai ta ce, "Likita, waya nike so, roba ɓatar da ita zan yi. Ka gyara na gefe da sunka hau juna, amma ka bar min wushiryata. Irin ta Babana ce." Ya yi dariya, ya ce ya ji. An sa wayar.

Kunun da ke murhu nata ne, yau tauna ba za ta yiwu ba.

In ta zauna taya ka gyaran komarka ta kamun kifi, kada ka bari ta ciji zare yadda ta saba, wayar za ta ɓalle. Ba ta 'yar wuƙarka. Na san ba ka ba kowa ita, amma wannan karon ka ba ta.

Safiyatu