Ranar da Sadiku ya kunna inji

Assalamu alaikum Yaya Bala,

Ina fata kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya jikin Inna? Mu nan Cheras lafiya lau, sai gajiyar karatu.

Maganar ɗanka Sadiku ce. Ranar Asabar ƙungiyarsu ta yi tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska a Klang, ina bakin ruwa ina kallo. Suna kan gaba, daidai mashigar tashar jiragen ruwa iska ta ɗauke, ga ƙaton jirgin kaya ya nufo su. Dokar tasha ta ce ƙaramin jirgi ya kunna inji ya kauce, dokar tseren kuma ta ce wanda ya kunna an cire shi. Sadiku ke tuƙi, ya kunna.

Yanzu abokansa sun daina kula shi. Na ce masa, "Rayukanku ka ceta." Ya ce, "Mama, ai da mun wuce," ya rufe ƙofa.

Yaya, na gaji da lallashi. Ka kira shi, yana jin maganarka. Ni in na tuna jirgin nan, ko abinci ba ya shiga.

Ku sa mu a addu'a. A gaida Inna da kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza